Dashe Bakwai a Bayan Madafi

Ka taɓa zuba wake arba'in da uku a tabarma, ka ce sai ka jera su gida biyu, kowane gida tsawonsa da faɗinsa daidai? Malam Alu na Rurum Sabon Gari ya sha yi, amma shi da dashen mangwaro.

Ya tsufa yana renon dashe a leda kafin ciwon ido ya rufe masa gani. Ya ƙi ɗan jagora. Sai ya samo dabara: ya jera ledojin murabba'i biyu, ɗaya a inuwar tsamiya, ɗaya a ta darbejiya. In ya shafa gefe ya ji bakwai, ya san arba'in da tara ke nan. In akuya ta yi ɓarna, hannunsa zai faɗa giɓi. Wanda bai shiga jeri ba kuwa, a wurinsa babu shi, ba ya samun ruwa.

Sai dai ba kowace lamba ce ke yarda a raba ta haka ba. Daga ɗaya zuwa hamsin, goma sha takwas kaɗai ke yarda, shi da kansa ya ƙirga. Wadda duk aka kasa huɗu-huɗu uku suka yi saura, ko za a kwana ana jerawa ba za ta zauna ba.

Bazarar bara ya fara da tamanin da biyar: bakwai sau bakwai, da shida sau shida. Sai rijiyarsa ta ja. In dashen bai kai damina ba, sana'a ta ƙare, sai zaman jiran a ba shi, abin da ya fi tsana ke nan.

Dashen ya yi ta bushewa har saura arba'in da uku. Ya jera, ya rushe, ya sake. Daga ƙarshe ya tsayar da arba'in da ɗaya, ya ture biyu gefe.

"Malam, da ransu fa!" in ji matarsa Jummai.

"Ba su da gida."

"To kai ne mai unguwarsu? Ƙara musu layi mana."

"Ke dai je ki duba tukunyarki. Wanda hannuna bai sani ba, ƙafata ce za ta same shi."

Ta kwashe su ta kai bayan madafi, tana ba su ruwan wanke-wanke. Da suka koma ashirin da uku ya ture uku. Da suka koma goma sha biyu ya ture biyu. Duk ta kwashe ta kai bayan madafi.

Rijiya ta ƙafe ƙaf. Ranar da ruwan farko ya sauka, Malam Alu na durƙushe a gindin tsamiya yana shafa itatuwa busassu. Ko ɗaya bai kai ba.

Jummai ta jido nata ta ajiye a gabansa. Ya shafa ganyen, ɗanye shar, ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Nawa ne?"

"Bakwai."

Ya jera huɗu, ya ajiye ɗaya daban. Biyu suka rage a hannunsa.

"Bakwai ba ta yarda, Jummai."

"Malam, don Allah. Su ke nan gare mu."

Ya ture su gefe, a hankali wannan karon. Ta sunkuya ta ɗauka, ta nufi bayan madafi. Da biyar ya shiga damina.

Ɗebi wake bakwai ka gwada, mai karatu. Gida biyu ba za su ɗauke su ba. Ka duba gida nawa za ka buɗe kafin kowane ƙwaya ya samu wuri.