Amshin da Na Hana Kaka

Faifan ƙungiyar Rugugi na uku banza ne. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a bakin coci, yanzu kuma ga shi na rubuta, tunda Allah ya sa na koyi rubutu, ko da yake sai da na haura arba'in. Wanda ya ji haushi ya zo kasuwar Television a nan Kaduna, layin masu hatsi, ya tambayi Mama Ladi. Ba na ɓuya.

Kada kuma wani ya ce min ban san kiɗan jita ba. Mai waƙar ƙungiyar, Ishaya, ɗan ƙanena Bulus ne. Uban ya rasu yaron bai kai shekara huɗu ba, ni na goya shi. Lokacin da shi da abokansa, su huɗu, suka fara cika wa mutane kunne a garejin wani makanike a Unguwar Boro, maƙwabta suna zaginsu, ni ce mai kai musu kunu. A garejin nan aka ɗauki faifansu na farko. In ka kasa kunne za ka ji janareta yana tari a baya. Jita tana ihu kamar an taka kare, ganga kamar mata uku a turmi ɗaya, amma akwai rai a ciki. Na biyu ya fi nauyi da ƙara. Dattawan coci suka ce yaran sun lalace, ni na tsaya musu. Na ce su saurara da kyau, ko a cikin wannan hayaniyar yaron yana barin fili. Yakan rera layi ɗaya, ya yi shiru, ya jira mutane su amsa.

Na uku a Legas aka yi shi. Sumul yake kamar daɓen banki, rabinsa Turanci, gangar ma inji ne ke bugawa. Duk wannan da na haɗiye. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne waƙar Kaka.

Kakarmu ta wajen uba ce ta rene mu a ƙauye, can wajen Kachia. Bayan an haƙe citta, da yamma idan an ci tuwo, sai a zube ta a tsakar gida, mu yara mu zauna kewaye da wuta muna tsagawa da ƙananan wuƙaƙe. Aiki ne mai gundura, hannu ya yi ta zafi, ido ya yi ta ruwa. Tatsuniya ce ladanmu. Kaka tana zama a kan wani turmi da ya fashe aka kife shi, ƙafafunta kusa da garwashi har fatar ta yi zane-zane. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ƙwanƙwasa ƙwarya da cokali ta ce, “Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?” Mu kuma mu ce, “Mu ne.” In muryarmu ba ta gamsar da ita ba, sai ta ce kayan sun yi nauyi, ta sake tambaya.

Dokarta ɗaya ce. Duk waƙar da ke cikin tatsuniya, ita ke bayarwa, mu ke amsawa. Ba ta taɓa amsa wa kanta ba, ko sau ɗaya. Kuma dogayen tatsuniyoyinta a gutsure take ba mu, yau kaɗan gobe kaɗan, don cittar ta ƙare.

Wadda ba zan manta ba ita ce ta Asabe. Wai a wani gari a gindin dutse, da damina ciyawa takan fi mutum tsawo. Don haka duk wanda zai je rafi yakan tafi yana waƙa, “Ina mutanen gida?” Duk wanda ya ji, ko yana gona ko yana bayan ɗaki, dole ya amsa, “Muna nan, taho.” Da haka ba wanda ke ɓata. Asabe kuwa Allah ya ba ta murya. Fatake sukan sauke kaya su tsaya jin ta. Sai abin ya shige mata kai. Ta fara jin haushin tsofaffi masu fasasshiyar murya da ke ɓata mata waƙa. Ta koyi bayarwa da siririyar murya, ta amsa wa kanta da kauri. Wanda ya buɗe baki ta harare shi, ta ce wa ya tambaye shi. A hankali garin ya koyi yin shiru idan Asabe ce.

Dare biyu muka yi a kan wannan. Kaka ta yi siririyar muryar Asabe tana karkaɗa wuya, mu yi ta dariya har wuƙa ta faɗi. Ta tsaya a inda ruwa ya sauko daga dutse ba zato, ya tarar da Asabe a kan wani falalen dutse a tsakiyar rafi. Ta ce sauran sai gobe.

Goben ce Baba ya kama hannun Bulus ya kai shi firamare. Ni na girme shi da shekara biyu, ni na fi shi kai, kowa ya sani. Aka ce ni in zauna, awaki ba za su kiwata kansu ba. Na wuni ban ci abinci ba. Ba ni da ƙarfin da zan yi da Baba, sai na nemi wanda na fi ƙarfi. Kafin a hura wuta na tara yaran gidan a bayan rumbu, na ce duk wanda ya amsa wa Kaka yau, zan fasa masa baki. Sun san ina iyawa.

Kaka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ruwa ya kai wa Asabe gwiwa. Ta ɗaga murya ta yi waƙar, mutane suna gona suna ji, suka ce Asabe ce ke abin nata, suka ci gaba da noma. Sai Kaka ta rera, “Ina mutanen gida?” Ta jira mu.

Ba wanda ya motsa. Itace yana ƙara a wuta. Ta sake rerawa, a hankali. Bulus ya buɗe baki, na murɗe masa cinya. Ta rera na uku, wannan karon ba da muryar wasa ba, da tata muryar ta tsufa, tana kallona ni kaɗai.

Da ta ga ba amsa, sai ta sunkuya ta zare itacen daga wuta ɗaya bayan ɗaya, ta turmusa su a ƙasa.

“To,” ta ce. “Ko ruwa ya tafi da ita, ko bai tafi ba, ni ban sani ba. Ba a amsa ba.”

Washegari muka roƙe ta, har ni. Ta ce ai ba ita ke riƙe da ƙarshen ba, a bakinmu yake, mun haɗiye. Ta ba mu wasu tatsuniyoyin, amma ta Asabe ba ta sake taɓa ta ba. Kafin a haƙe cittar shekara mai zuwa aka binne Kaka. Har yau ban san abin da ya sami Asabe ba.

Waƙar dai ta biyo ni Kaduna. Da ita nake wa Ishaya wanka, in bayar, ya amsa da bakinsa na yara, ruwan sabulu yana shiga. Da ya girma ya ɗora mata jita, ta zama waƙar da ke rufe faifansu na farko. A wajen wasa, idan ya ce “Ina mutanen gida?” sai jita ta ɗauke, ganga ta ɗauke, zaure ya amsa. Mutanen Kudancin Kaduna, 'yan Filato, 'yan Benuwai, har waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta cefane ba. Wasu da kuka suke amsawa. Wanda ya taɓa kwashe kayansa a garin nan lokacin rikici ya tsallako kogi da 'ya'yansa ya san abin da kalmomin nan suke nufi.

Ita ce suka sake ɗauka a faifai na uku. Ranar ƙaddamarwa aka zaunar da ni a layin gaba, na sha ɗaurin ɗankwali. Ishaya ya bayar, muka ja numfashi, muka buɗe baki. Kafin sauti ya fito, lasifika ta amsa. Muryarsa ce, kwamfuta ta ninka ta kamar mutum hamsin, kowace a goge, ba mai tari, ba mai kuskure. Na ga wata tsohuwa a gefena ta rufe bakinta a hankali kamar wadda aka kama tana sata. Na tashi na fita, ana kallona. Tun ranar ban ɗauki wayarsa ba, wata huɗu.

Masoyansu suna da gurup a waya, ina ciki. Can ake yaƙin. Wata nas 'yar Benuwai ta ce sai yanzu suka zama ƙwararru, da can surutu ne kawai, ba za ka iya saka wa baƙo ba. Wani direban keke ɗan Filato ya ce faifai na biyu shi ne ƙarshen Rugugi, abin da ya biyo baya tallan sabulu ne. Wani malamin makaranta ya yi dogon rubutu wai mawaƙi ba bawan masu sauraro ba ne, dole ya canza. Na ba shi amsa da yatsa ɗaya, ya ɗauke ni kusan awa. Na ce ya canza mana, wa ya hana shi, ya sa wando a kai in yana so. Amma wurin da ya cike ba nasa ba ne, namu ne. Aka yi ta turo min tafi. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Wani ya ce Mama ta tsufa, na ce ya je ya tambayi uwarsa ko ita yarinya ce.

Sai labari ya fara canzawa. Mai gangarsu ya bar su. Aka yi wasa a Narayi, kujeru suka fi mutane yawa, wani ya ɗauki hoto ya saka ana dariya. Direban keken ya rubuta cewa Ishaya ya kira hamsin ɗinsa na kwamfuta su sayi tikiti. Ni ma na yi dariya. Na ce Asabe ke nan, Kaka ta gama magana tun kafin a haife shi.

Ran nan da magariba ina tankaɗen gari a ƙofar ɗaki, waya ta yi ƙara a kan tabarma. Sunan Ishaya. Na bar ta ta gaji. Ta sake. Na ci gaba da tankaɗe, har ina jin daɗin taurin kaina. Ta yi na uku, ta daɗe, ta mutu. Na jira na huɗu. Bai zo ba.

Rariyar ta tsaya a hannuna. Sau uku.

Shekara hamsin ina ba da tatsuniyar nan a matsayin labarin yarinya mai girman kai da ta rufe wa mutane baki. Haka ne, ta rufe. Amma mutanen gonar nan fa sun ji ta. Ba kurame ba ne. Sun san rafi, sun ga hadari a kan dutse, sun san yadda muryar mai wasa take da yadda ta mai tsoro take. Suka zaɓi su nuna mata. Kuma a daren da tatsuniyar ta mutu, ba Asabe ce ta yi shiru ba. Ni ce na bi yara bayan rumbu. Kaka ba Asabe take kallo ba.

Ban canza ra'ayi a kan faifan ba, kada malamin makarantar nan ya yi murna. Banza ne jiya, banza ne yau. Amma na faɗa wa kasuwa, na faɗa wa gurup, na faɗa wa mutanen da ban taɓa gani ba, yaron da na goya kuwa ko kalma ɗaya bai ji daga bakina ba.

Da safe ban buɗe rumfa ba. Na ɗauki tulun da muke bugawa a zumuntar mata ta coci, na naɗe shi a zane, na hau keke zuwa Narayi. Get ɗin gidan da yake haya a rufe, labulen tagarsa a sauke. Ban ƙwanƙwasa ba. Na ajiye tulun, na tsaya a titi, masu kai yara makaranta suna wucewa, na buɗe wannan muryar tawa mai kama da tsohuwar ƙofa.

“Muna nan, taho.”

Sai da na yi sau biyu labulen ya motsa.

“Mama?”

“Buɗe min,” na ce. “Faifanka banza ne, kuma na zo in faɗa maka dalili. Ɗauko jitar.”