Ƙadangarun Baba Iliya

Duk wanda ya taɓa shiga motar Baba Iliya daga Rano zuwa Kano ya san ba lasin kaɗai ke aljihunsa ba. Akwai wani ɗan littafi mai kaurin shafi kamar kwali, cike da hotunan dabbobin nan da 'yan boko ke kira dainoso. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi ya saya wa jikoki, amma ko kwana ɗaya bai taɓa barinsa a hannun yaro ba. Ni matar ɗansa Kabiru ce, a gabana aka yi komai.

Baba bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma da la'asar sai ya tara yara a tabarma ya karanta musu, sau da yawa littafin a juye. Ya ce kakannin ƙadangare ne, girma ya hana su shiga jirgin Annabi Nuhu. Da Kabiru ya so ya yi masa gyara, sai Baba ya tambaye shi ko yana wurin a lokacin.

Kowace dabba a littafin Baba ya raɗa mata suna. Mai dogon wuyan nan Tabawa ce, maƙwabciyarmu mai leƙen katanga. Mai ƙaton baki da gajerun hannaye kuwa, Kansila, don hannunsa ba ya kai aljihu.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, wani matashin ustazu ya shiga motarsa zuwa Kibiya, ya ga littafin, ya yi masa nasiha kan ajiye hoton abu mai rai. Baba ya saurara har ƙarshe.

"Malam, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Waɗannan duk sun mutu, ko ɗaya bai rage ba."

'Yata Ummi ta kai shekara uku ba ta magana. Na sha kuka a ɗaki, har mun fara shirin kai ta asibiti a Kano. Baba ya ce a ba shi ita tukuna. Kullum yana ɗora ta a cinya, yana nuna mata hotunan, yana gurnani, ita tana kallonsa shiru.

Ana nan sai kansilanmu na gaske ya zo neman ƙuri'a. Baba ya gaishe shi da sunan muƙaminsa. Ummi ta zo da gudu, ta zaro littafin daga aljihun Baba, ta buɗe mai gajerun hannayen nan, ta kai har gaban baƙo.

"Kansila," ta ce, tar da bakinta.

Kabiru ya nemi inda zai ɓuya. Baba kuwa hawaye ne suka zubo masa, ya faɗi ya yi sujada a tsakar gida, baƙo na tsaye yana tambayar me ya faru.

Ranar da Baba ya rasu Ummi ce ta fi kowa kiran sunansa. Allah Ya jiƙan Baba Iliya, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.