Simintin da Ya Kori Kakata

Ni ne mai laifi, gara in faɗa tun farko. Da hannuna na kori kakata daga gidana, kuma da siminti na kore ta.

Ita ta raine ni a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa bayan rasuwar mahaifiyata. Da na samu abin yi a Kazaure, ina sayar da kayan babur, sai na gina gida a bayan gari, na ɗauko ta, na yi mata alkawari a wurina za ta ƙarasa kwanakinta. A lokacin, daga ƙofar gidan kana hango gonakin gero da itatuwan gawo. Yanzu in ka leƙa, kwanon rufi ne ke walƙiya iya ganinka. An sare itatuwan, an yanka filaye, bazara kuma kowace shekara sai ta zo da ƙarin fushi.

Kaka tana da abu biyu da ba a taɓa mata. Na farko randarta, wadda ta binne har ƙugu cikin yashi a gindin katanga, tana jiƙa yashin safe da yamma. Ruwan randar nan in ka kurɓa har haƙori kake jin sanyinsa. Na biyu yayyafi. Bayan la'asar takan ɗauki ƙwarya ta yayyafe tsakar gida, ƙasa ta shanye, ƙamshi ya tashi, ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Maigida, zo ka zauna kusa da amaryarka." Haka take kirana tun ina yaro, irin wasan kaka da jika.

Ni kuwa kunyar ƙasar nan nake ji. Abokaina duk sun shafe gidajensu da siminti, in sun zo wurina sai in ga suna kakkaɓe takalmi. Da Kaka ta tafi biki Roni, na kira magina. Matata ta ce, "Da ka bari ta dawo." Na ce in ta dawo ai ba za a yi ba. Aka tone randar aka ɗora ta kan tsohuwar taya, aka shafe gidan daga zaure har bakin makewayi, ko wurin da kaza za ta yi tono ban bari ba.

Da Kaka ta dawo, ta tsaya a bakin zaure tana ƙwanƙwasa daɓen da sandarta.

"Maigida, tanda ka gina? To ina ƙullin? Ko ni ce wainar?"

Na yi dariya, na nuna mata firij ɗin da na saya, na ce wannan ya fi randa.

"Da wace wutar?" in ji ta.

Ranar an kawo wuta, sai na ɗauka na ci gardama.

Da bazara ta kama sosai, wuta ta yi tafiyarta. Firij ya koma ma'ajiyar kuka da daddawa. Randa tana zaune kan taya, daɓe yana gasa ta ta ƙasa, ruwanta ya zama kamar na wankan jego. Kaka ta gwada yayyafi, ruwan ya bushe kafin ta ajiye ƙwarya. Bayan magariba simintin yana amayar da zafin da ya haɗiya tun safe, ɗaki kuma kwano ne, ba ya shiguwa. Ni ban ji a jikina ba, don ina wuni a inuwar shago, ina shan ruwan leda mai ƙanƙara.

Kaka ta rage shan ruwa. Leɓɓanta suka tsage, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Ta daina tsokanata, wanda ya kamata ya tsorata ni. Maimakon haka, da wani abokina ya tambayi jikinta, na ce, "Ƙauyanci ne kawai, ba ta saba da gidan zamani ba." Tana zaune tana ji.

Wata rana jiri ya kwashe ta wajen alwala. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Da aka sallame ta, kawuna ya zo daga ƙauye ya ce zai tafi da ita ta huta. Tana fita da ƙunshin kayanta ta waiwayo.

"Maigida, na yi yaji. Gefe ɗaya ya soyu, ba zan jira a juya ni ba."

Ko a nan ban sauko ba, sai da matata ta yi maganina. Da yamma ta shimfiɗa tabarma daidai inda Kaka ke zama, ta ce, "Bismillah, Malam, zauna nan." Na zauna. Zafi ya ratso tabarmar, na gyara zama, na sake gyarawa. Ta miƙo mini moɗa daga randa. Na kurɓa, ruwan da zafi, na kasa haɗiyewa.

"Shi take sha tun farkon bazara," in ji ta, ta shige ɗaki.

Na aro diga. Maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko zinariya nake nema. Na farfasa rabin daɓen, aka kawo mini yashi a amalanken shanu, na binne randar har ƙugu, na jiƙa. Sai da ruwanta ya yi sanyi na hau babur zuwa Gwiwa.

Na same ta a inuwar ɗakin ƙasa, ta murmure, tana ɓare gyaɗa.

"Biko aka zo? Hannu rabbana?" Ta kama tafina, ta ga duk ya yi kanta. "Randata fa?"

"Tana cikin yashi, Kaka."

Ta ɗaga murya ta ce wa matar kawu ta ɗaure mata kayanta. Sannan ta juyo, ta sa hannu a bayan kunne. "Kunnen ya tsufa. Ban ji an ce komai ba tukuna."

Na cire hula, na durƙusa a gabanta.

"Kaka, na raina abin da kika sani, na kira shi ƙauyanci a gaban mutane. Ina inuwa, na bar ki da ƙishirwa a gidan da na ce naki ne. Don Allah ki yafe mini, ki dawo ɗakinki."