Akuyar Rahila Mai Tuwo

Duk wanda ya zauna a Agege a shekarun da aka bar fam aka koma naira ya san Rahila mai tuwo. 'Yar ƙasar Kagoro ce, ta biyo mijinta Bitrus da ya samu aikin reluwe a Legas. Hausarta ta coci ce, mahauta suna tsokanarta da ita, ita kuma ta rama da Yarbanci gurgu, a yi ta dariya. Ni maƙwabciyarta ce, cocinmu ɗaya, na kuma san ta da tsoro kamar farar kura. Ko tukunya ce ta faɗi sai ta dafe ƙirji.

Masu cin tuwonta kusan duk Musulmi ne: fataken shanu, mahauta, da masu gadi 'yan Nijar. Abin da ya riƙe rumfar kuwa ba daɗin miya kaɗai ba ne. Kowa ya san Rahila ba ta sa nama a tukunya sai yankan Musulmi. Malam Almu, wani dattijon mahauci, shi ke yanka mata tun zuwanta, shi ya tsaya mata har jama'a suka saki jiki. Babu mai tambaya kuma, an yarda da ita.

Ana saura mako guda bikin Ista ta sayi akuya don miyar rumfa. Da safe akuyar ta samu ɓawon rogo ta cika ciki, kafin a ankara ta kwanta tana shure-shure. Aka aika neman Malam Almu, aka ce ya tafi Ojota tarbar motar shanu. Bitrus da ya ga za a yi asara, sai ya ɗauko wuƙa ya yanka da kansa. Rahila ta tsaya tana kallon naman, ta san abin da ya kamata: a ci a gida, a raba wa 'yan coci. Amma jarinta ke nan gaba ɗaya. Ta dafa, ta kai rumfa.

Da rana Malam Almu ya dawo da yunwa, ya ci malmala biyu, ya suɗe hannu. Ya ce, "Mama, wa ya yanka miki yau?"

Ta ce, "Wani ne a kwata."

Daga ranar Rahila ta daina cin abincin kirki. In mahauci ya yi sallama gabanta ya faɗi, in biyu suka yi magana ƙasa-ƙasa ta ce an gano. Ga shi ranar Lahadi akwai Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da ruwan inabi a coci, kuma al'adar cocinmu ita ce wanda ya san ya cuci wani ba ya miƙa hannu sai ya je ya gyara. In ta ƙi karɓa, matan zumuntar coci suna da ido, ita ce ma ke wanke ƙananan kofunan. In ta faɗi gaskiya, rumfa ta mutu, ga yara a makaranta.

Bitrus ya ce mata, "Haba, nama ai nama ne. Har addu'a na yi kafin na yanka."

Ta ce, "Ba naman ke damuna ba. Mutumin nan ya ci ne don ya yarda da ni."

Ranar Jumma'a Mai Kyau ina zaune kusa da ita. Fasto ya yi wa'azi kan ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda bai da abin mayarwa, bai da lokacin gyara komai, amma aka karɓe shi nan take. Na ji bencin yana rawa, ashe Rahila ce ke kuka. Ta raɗa mini, "Ashe an riga an biya nawa laifin, ni ce ke ta ɓoyo." Ana tashi ta ja hannuna, ta ce in raka ta.

Muka sami Malam Almu yana wasa wuƙa a bakin kwata. Ta durƙusa ta faɗi komai. Ya ajiye wuƙar. Can ya ce, "Wanda ya ci bai sani ba, babu laifi a kansa. Ƙaryar ce ta yi mini ciwo, Rahila. Na yafe nawa. Amma ni na ce wa mutane su ci, ba zan iya yin shiru ba."

Ta ce, "Bari, Baba. Ni zan faɗa da bakina."

Washegari ta tsaya a gaban rumfa ta faɗa wa masu cin tuwo. Wani ya tofar da yawu, wani ya ce, "Kai, Madam, yu no tirai, ba ki kyauta ba!" Yawanci dai suka tashi shiru. Kaɗan ne suka dawo, kuma kafin damina rumfar ta rufe. Malam Almu bai fasa gaishe ta ba har ya rasu, amma bai ƙara cin abincinta ba. Ta koma suyar ƙosai a bakin tashar jirgi, da shi ta ƙarasa renon 'ya'yanta da ƙyar.

Ran Lahadin Istan nan kuwa ta miƙa hannu ta karɓi Jibi.

Da muka tsufa na taɓa tambayarta ko tana da-na-sani, don ni gaskiya na daɗe ina ganin wautarta. Ta yi dariya tana juya ƙosai. Ta ce, "Mutane sun yafe mini rabi da rabi, kuma ban ga laifinsu ba, ni na ja. Yesu kaɗai ne ya yafe duka, da jininsa, tun ban buɗe baki ba. Yaya zan yi in ƙi gode masa?"