Sakiyar da ta ɗauke mana Hamidu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da sahe ina buɗe shago aka bugo mini waya: Hamidu mai albasa ya rasu.

Hamidun Galmi, abokina, wanda ya goya ni bisa moto har Illela ranar da direba ya zubar da ni da kayana a hanya. Ko man moto bai bari na sa ba.

Ganina da shi na ƙarshe, shina cikin buhunan albasa, wuya naɗe da rawani, ƙasan haɓa ya yi suntum.

Na ce, "Kai ɓarawo, mangwaron wa ka ɓoye a wuya?"

Ya ce, "Kaluluwa ce, ɗan banza. Haƙori ya jawo ta. Wanzami zai yi mata sakiya."

Na ce ya tahi likita. Ya ce, "Cikin kakar albasa? Kai za ka tsare mini buhuna?"

Ashe bayan rabuwarmu ya tahi wurin wanzamin. Ƙarti suka danne shi. Aka gasa ƙarfe har ya yi jawur, aka soka mishi a wuya. Maƙwabta sun ce har bayan gida ana jin ƙaurin nama. Ko mugunya ba ta fito ba, sai jini.

Fuska ta haye, jan layi ya bi wuya har ƙirji, miyau ma ya ƙi wucewa. Kafin a iso da shi likita a Konni maƙogwaro ya toshe.

Da na je gaisuwa sai ga ɗiyarshi Rabi, ita ma da kullutu ƙasan kunne, jiki zafi rau. Kakarta ta ce, "Laraba za a kai ta a yi mata sakiya."

Na ce, "Inna, ke uwa ce gare ni, amma wallahi wanda ya kusanci yarinyar ga da ƙarfe, sai na karya hannunshi, in kai kaina jandarma."

Ta zage ni tas, ta jefo ni da murhun shayi. Na sunkuci Rabi na hau moto.

Yanzu haka muna likita, an yi mata allura, ta samu barci. Inna ta ce kar in sake taka gidan. Na ji.

Allah Ya jiƙan Hamidu, Ya sanyaya makwancinshi, Ya tashi kafaɗun Rabi. Wanda ya karanta, ya yi mishi Ƙulhuwallahu, don Allah.