Baba Ƙanƙara da Igiyar Takalmin Golanmu

Ƙarfe shida da rabi na safe Baba Ƙanƙara yake buɗe ɗakinsa, wanda ke ƙarƙashin matakalar 'yan kallo a filin ƙwallon kwalejinmu. Ɗakin ba shi da taga. Gadon tausa ne guda ɗaya da fatarsa ta tsage, sai firiza mai nishi, sai kabad cike da bandeji, sai wani dogon benci na katako. Yakan fara da fasa ƙanƙara da 'yar guduma yana ƙullawa a ledoji. Daga nan ya ɗauki bokitin yashi ya zagaya fili yana cike ramukan da takalma suka tona jiya, aikin da ba nasa ba, ba kuma wanda ya taɓa sa shi. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana haka, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni ne kocin ƙungiyar, shekarata goma sha ɗaya tare da shi, kuma akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita game da ran wani yaro. Yau nake so in sauke ta.

Baba ba likita ba ne. Takardarsa ta agajin gaggawa ce da tausa, ta tsufa har ta yi ja a cikin firam. Yara ne suka sa masa wannan suna, domin ko me ka kawo masa, ƙanƙara zai fara miƙo maka. Sukan ce ko budurwa ce ta juya maka baya, Baba zai ce ka ɗora ta minti ashirin ka dawo gobe.

Doka ɗaya gare shi: ba ɗan wasan da zai taka fili sai ya zauna a kan bencin nan ya ɗaura takalminsa a gabansa. Sababbin ɗalibai sukan ɗauka son mulki ne. Ni ma da na zo haka na ɗauka, har na ce masa yana cinye mini lokacin atisaye. Ya dube ni ya ce, "Koci, ɗan ƙwallo maƙaryaci ne. Tambaye shi ina ke ciwo, zai ce ba ko'ina. Amma bari ya sunkuya. Mai ciwon baya ƙafar yake jawowa sama. Mai ciwon gwiwa ya miƙe ta gefe. Mai ciwon matsematsi ya riƙe numfashi. Kai ka kalli ƙwallo, ni ka bar ni da igiya."

A kan bencin nan ya kama wani ɗan baya da ya yi mako biyu yana gudu da tsagaggen ƙashi a sawu, yana shan maganin ciwo a ɓoye. Direban motar ƙungiya har yau yana ba da labarin ranar da Baba ya riƙe wuyan wani ɗan wasan abokan karawarmu awa biyu cur a hanya, bai bari ya motsa ba, bai kuma tambayi sunan ƙungiyarsa ba. Matar da ke share ɗakunan canza kaya ta ce ta sha ganinsa yana wanke safar yaran da aka ɗaure wa hannu. Ba a taɓa ɗaukar hotonsa da kofi ba, don lokacin hoton yana can yana kwance wa wani bandeji.

Shekara shida da suka wuce muka shiga wata kakar wasa da har yanzu in na tuna ta gabana yake faɗuwa. Injin ban-ruwan fili ya lalace, ƙasa ta bushe kamar siminti, aka ce sai an kawo wani ƙarfe da bai zo ba. Mun fara da 'yan wasa ashirin da huɗu. Kafin mako na tara mun koma goma sha uku. Targaɗe a idon sawu ya zama abin yau da kullum, gwiwa biyu suka tafi a wasa ɗaya, wani ya karye a ƙwauri da ƙarar da 'yan kallo suka ji daga sama. Na mayar da ɗan gaba ɗan baya. Na roƙo mutum biyu daga 'yan tseren gudu, ɗayansu bai ma san dokar satar gida ba. Baba ya shimfiɗa katifu a ƙasan ɗakinsa domin gado ɗaya ya kasa, firiza ta kasa, yana bin ɗakin cin abinci da kula yana roƙon ƙanƙara. Duk wanda ya faɗi a fili, sai wurin ya yi tsit, kowa yana jiran ya ga ko zai tashi. Wayata in ta yi ƙara da lambar da ban sani ba, sai in san uban wani ne.

Da wannan raguwar runduna muka lallaɓa har wasan kusa da na ƙarshe. Mai tsaron gidanmu na biyu ya riga ya karye a wuyan hannu, saura na farko kaɗai, dogon yaro mai yawan dariya, ɗalibin lissafi, wanda kowa ke kira Gola kamar ba shi da wani suna. In babu shi, babu mai shiga raga.

Ranar Alhamis Baba ya kai wani yaro asibiti ɗaukar hoton ƙafa, sai muka yi atisaye ba shi. Muna gwajin bugun kusurwa Gola ya yi tsalle, kansa ya daki ƙarfen raga. Ya faɗi, ya ɗan jima a kwance, sannan ya tashi yana dariya yana cewa, "Ba komai, Koci, ƙarfen ne ya ji jiki." Na bar shi ya ci gaba. Yaran suka haɗa baki cewa kada wanda ya gaya wa Baba. Ban sa su ba, amma na ji, ban kuma hana ba. Juma'a hutu ce. Sai daga baya na ji cewa Gola ya wuni a kwance da matashi a kan ido, ya yi amai sau biyu.

Ranar Asabar wasa ƙarfe goma na safe. Saura minti ashirin na zagaya bayan ɗakin canza kaya, wajen famfo, sai na ga kyaftin ɗinmu, wanda ake kira Bahago, a durƙushe gaban Gola yana ɗaure masa takalmi. Gola na zaune, hannunsa na dama a kan cinya, yana kallonsa kamar hannun wani ne. Na gani da idona. Na juya na koma inda na fito, ina gaya wa kaina cewa gajiya ce.

Dabararsu ita ce su makara. Sai da alƙalin wasa ya aiko kira na biyu suka shigo ɗakin Baba da sauri, sauran duk sun wuce benci sun tsaya a layi. Bahago ya ce, "Baba, lokaci ya ƙure, alƙali na jira. Ya riga ya ɗaura nasa."

Baba bai kalli fuskar kowa ba, ƙasa ya kalla. Ya ce, "Wannan ɗaurinka ne, Bahago. Shekara uku ina kallon yaron nan yana ɗaura takalmi, ƙullinsa ba nan yake kwanciya ba." Ya sunkuya ya ja bakin igiyar ta warware. "Zauna, ɗana. Ɗaura in gani."

Gola ya zauna yana murmushi. Ya kama igiyar, ta suɓuce. Ya sake kamawa, yatsun dama suka ƙi haɗuwa. A karo na uku murmushin ya tafi, ya ɗago ya kalli Baba, kuma ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar mutum ba. Ba a jin komai a ɗakin sai firiza. Baba ya ciro 'yar tocila daga aljihu ya haska idonsa na hagu, ya haska na dama, ya sake haska na hagu. Ya ce, "Yaushe ya bugu a ka?" Sai Bahago ya fashe da kuka ya ce, "Shekaranjiya, Baba."

A nan ne na buɗe baki, kuma ga abin da na faɗa, ba ragi: "Baba, a bar shi ya yi rabin lokaci kawai. Tsayuwa ce zai yi, zan sa 'yan baya su rufe shi."

Baba ya ɗauki safar hannun Gola ya cusa a hammatarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Koci, in yaron nan ya shiga filin can, ka nemi wanda zai je ya gaya wa uwarsa. Ni ba zan je ba. Kira min direba."

Motar asibitin da aka yi alkawarin ajiyewa a bakin fili ba ta iso ba, a motar ƙungiya suka tafi. Direba ya ce Baba ya zauna a kujerar baya ya riƙe kan yaron da hannu biyu, yana ta tambayarsa sunayen ƙannensa ɗaya bayan ɗaya don kada ya yi barci. Kafin su kai rabin hanya harshensa ya fara nauyi, ya mance sunan autarsu. Ni kuwa na tsaya a fili, na sa ɗan baya a raga, aka zura mana biyar. Ban ga ko ɗaya ba, idona na kan waya, ina tsoron ta yi ƙara, ina tsoron shirunta.

Da tsakar rana na isa asibiti. Likita ya ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kai tun ranar da ya bugu, yana danne ƙwaƙwalwa a hankali. Ya ce faɗuwa ɗaya, ko ƙwallo ɗaya a ka, da ba a kawo shi da rai ba, kuma ko yanzu ba zai yi mana alkawari ba. Aka shiga da shi tiyata. Muka zauna a dogon barandar nan mai warin magani, duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe. Baba yana gefe da rigarsa a jiƙe, ya wanke aman da yaron ya yi masa. Mahaifiyar Gola ta iso da takalmi wari daban-daban, ba ta ma lura ba. Ta ji bayanin likita, sannan ta ce, "Wa ya hana shi buga wasan?" Wani jami'in kwaleji da ke wurin ya ce ai koci ne ke cire ɗan wasa. Ta durƙusa a gabana tana kuka tana sa mini albarka. Na kalli Baba, Baba yana kallon bango. Ban ce komai ba.

Kafin faɗuwar rana likita ya fito ya ce an kwashe jinin. Kwana uku bayan nan Gola ya buɗe ido ya nemi ruwa. Bai sake tsaron raga ba, hannun dama har yau bai cika ƙarfi ba, amma yana koyar da lissafi a wata makaranta, yana da 'ya'ya mata biyu. Kwaleji ta ba ni takardar yabo saboda sanin ya-kamata. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin tayar da maganar da Baba, ya katse ni ya ce, "Koci, yaron yana da rai. Je ka busa usur ɗinka."

Baba, kai ne ka ga abin da mu goma sha huɗu muka haɗu muka rufe. Kai ne ka tsaya a gaban alƙali da koci da 'yan kallo cike da matakala, ba ka da muƙami ba ka da murya, ka ce a'a. Garkuwar 'ya'yan mutane. Na san ka san na gani tun a wajen famfo, domin ka kalli fuskata sau ɗaya a ranar, kuma shekara shida ba ka taɓa yi mini gori ba. Na gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ba zan ɓoye ba, tafiyarka tana ba ni tsoro. An ce za a kawo matashi mai takardu da na'urori, kuma ina yi masa fatan alheri. Amma na san halina idan alƙali yana kira kuma 'yan wasan canji sun ƙare, na san abin da bakina zai iya faɗa. Don haka nake roƙon wanda zai gaje ka, da duk mai irin aikinka a kowane fili, ya koyi kallon yaro ba kallon agogo ba, ya kuma iya ce wa koci a'a ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Mu kuma kociyoyi, mu nemi irin wannan mutum mu ajiye kusa, in ya yi magana mu yi shiru.

Saura mutum ɗaya. Mama, mahaifiyar Gola, duk shekara a ranar nan kina kirana ki yi mini addu'a, ni da iyalina, ni kuma ina cewa amin. In an karanta miki wannan, ki yafe mini. Ba ni na hana shi wasa ba. Ni na ga hannunsa na kau da kai, ni na ce a bar shi ya yi rabin lokaci. Baba ne ya dawo miki da ɗanki.