Yaya da Awa Ukun Piyano

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata bayan jinyar wata biyu. Ta rasu tana da shekara arba'in da tara, a asibitin da ta yi shekara ashirin tana aiki a ɗakin ba da magani.

Yaya, masu zuwa gaisuwa suna ta ambaton haƙurinki da marasa lafiya. Gaskiya suka faɗa. Ni kuwa piyanonki, abin kiɗan nan mai madannai, nake so in yi magana a kai, domin a nan na fi sanin halinki.

Kina da shekara talatin da biyar maƙwabciyarki za ta tashi, ta bar miki tsohon piyano saboda ya ƙi shiga mota. Malamin da kika samu ya ce wanda ya fara da girma, sai ya zauna awa uku kullum kafin hannu ya faɗa. Na yi miki dariya. Na ce, "Yaya, aiki, miji, 'ya'ya uku, a wace kasuwa za ki sayo awa ukun?" Kika ce, "Ba a dunƙule zan same su ba, tsinta zan yi."

Haka kuwa kika yi. Minti arba'in bayan sallar asuba, kafin ki tashi yara, kin sa wa wayoyin piyanon tsumma don kada sauti ya fita. A wurin aiki kina da kwali a aljihun tebur, kin zana madannai a jiki da biro. Lokacin hutu ki ci abinci a gurguje, ki shimfiɗa kwalin kina motsa yatsu, har abokan aiki suka sa miki suna Mai Kwali. Da yamma ki ɗora tukunya ki zauna awa guda. Tukwane nawa suka ƙone, mijinki ne zai ba da labari. Ragowar sai yara sun zauna aikin makaranta, kina kiɗa kina gyara musu ƙari da ragi ba tare da kin waiwayo ba.

Da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, ke kika ɗauko ta zuwa gidanki. Muka taru muka ce ki ajiye kiɗan nan haka, kada ki kashe kanki. Ba ki yi musu da kowa ba. Washegari kika sa aka tura piyanon ɗakin Mama, kina atisaye kina lura da ita. Daga baya kika riƙa ɗora hannunta na dama a kan madannan, kina danna mata yatsa ɗaya bayan ɗaya. Mama tana mita, tana cewa kin mayar da ita 'yar makaranta. Bayan wata bakwai ta riƙe cokali da kanta.

Ni ma kin cece ni. Lokacin da na so barin karatun digiri na biyu saboda aiki da goyo, ba ki yi min wa'azi ba. Takarda kika ba ni, kika ce in rubuta abin da na yi tun safe. Muka samu awa biyu da ban san inda suka shiga ba. Na gama karatun.

Sau ɗaya tak kika yi kiɗa a gaban jama'a, a zauren asibiti, ranar sallamar wata tsohuwar nas. Shekara biyu kina koyon wannan kiɗan. A tsakiya kika yi kuskure, kika tsaya, kika ce, "Ku yi haƙuri, wurin nan kullum sai ya kayar da ni." Kika koma baya kika wuce shi lafiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da mijinki, da 'ya'yanki uku, da abokan aikinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba ki hutun da ba ki taɓa zama kin yi ba a duniya. Amin.